Jirgi Mai Farfela Ko Jet: Wanne Ya Dace Da Hanyar Gida?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba mu damar cewa wani abu a gaban wannan jama'a mai albarka. Mai yiwuwa wani ya yi mamakin abin da ya haɗa tsohon malamin makaranta da maganar jirgin sama, alhali ga ambaliya, ga kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ga azuzuwa suna neman rufi. Dalilinmu shi ne, yawancin waɗanda suka cika wannan zaure daga nesa suka taso, wasu daga Abuja, wasu daga Legas, wasu daga Fatakwal. Duk alherin da Haɗejiya take sa rai daga gare su ya rataya ne a kan su iya zuwa gida cikin sauƙi, su kuma koma bakin aikinsu a kan lokaci. Ɗan garin da zuwa gida ya yi masa wuya, sannu a hankali zumuncinsa yakan koma na wayar tarho. Saboda haka hanyar gida tana cikin ayyukan raya gari.

Mun sha jin ƙorafi daga bakin 'yan'uwa cewa an raina mu. Wai idan aka zo hanyoyi irin na Abuja zuwa Dutse sai a kawo ƙaramin tsohon jirgi mai farfela, mai ƙara kamar injin niƙa, amma mutanen Legas a ba su jet. Har akwai wanda zai ce gara ya sauka a Kano cikin jet ya ƙarasa da mota, da a gan shi yana fitowa daga jirgi mai farfela. Wannan magana ce muke so mu ɗora a ma'auni yau, mu ga abin da ke cikinta na gaskiya da abin da yake na zato.

KAƊAN DAGA TARIHI

A watan Nuwamba na 1925 ne jiragen sojan saman Ingila guda uku suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, kuma dukkansu masu farfela ne. A 1936 aka fara jigilar fasinja da wasiƙu ta filin jirgin Kano. A 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, wanda daga cikinsa ne kamfaninmu na ƙasa ya fito a 1958, shi ne Nigeria Airways mai tambarin giwa da fukafuki.

A 1963 wannan kamfani ya karɓi jirage samfurin Fokker F27, ƙirar ƙasar Holan, masu farfela biyu da kujeru arba'in da 'yan kai. Su ne suka riƙa haɗa garuruwa irin su Kano, Kaduna, Jos, Sakkwato da Maiduguri shekara da shekaru. Manyan ma'aikata da sarakuna da 'yan kasuwa na wancan zamani duk a cikinsu suka yi tafiya, ba mu kuma ji wanda ya ce an ƙasƙantar da shi ba. Sai a shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shigo, aka kawo jet samfurin Fokker F28, daga baya Boeing 737. A shekarun 1980 aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, kamfanoni irin su Kabo da Okada suka cika sama da jiragen jet, yawancinsu kuwa an riga an yi amfani da su a Turai ko Amurka. Daga nan ne idonmu ya saba, har ya zamana jet shi ne jirgi, mai farfela kuwa tsohon yayi. Shi Nigeria Airways ya daina tashi a 2003.

MENE NE BAMBANCINSU?

Abu na farko da ya kamata mu gyara shi ne fahimtarmu game da farfela. Jirage masu farfela iri biyu ne. Akwai na dauri, irin su DC-3, masu inji mai fistin kamar na mota, masu shan fetur na musamman. Waɗannan an daɗe da sallamar su daga jigilar fasinja a ƙasar nan. Akwai kuma irin su Fokker F27 da ATR da Dash 8, waɗanda injinsu da na jet uwa ɗaya ta haife su. Injin yana zuƙar iska, ya matse ta, ya gauraya ta da mai, ya kunna mata wuta, sai zafin ya fita da ƙarfi ya juya wasu fankoki da ke ciki. A jirgi mai farfela, ƙarfin juyawar nan ake bi da shi ta cikin giya a kai wa farfelar da ke waje. Man da suke sha ɗaya ne da na jet, wato wani nau'in kananzir da aka tace.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, jet ɗin zamani ma yana da tasa farfelar. Duk wanda ya leƙa bakin injin Boeing 737 zai ga wata ƙatuwar fanka, kuma ita ce take samar da mafi yawan ƙarfin da ke tura jirgin. Bambancin kawai, ta jet an sa mata riga, ta ɗayan kuwa an bar ta a fili.

Inda suka rabu da gaske shi ne wajen gudu da nisan sama. Jet an ƙera shi ne ya hau can ƙololuwa, ƙafa 35,000 ko fiye, inda iska ba ta da kauri, ya yi ta sheƙa gudu na awoyi. A can ne yake tsimin mai. Mai farfela irin ATR kuwa iyakarsa ƙafa 25,000, gudunsa bai kai na jet ba, amma ba ya buƙatar dogon titi kafin ya tashi ko ya tsaya, kuma a gajeriyar tafiya ya fi jet tsimi nesa ba kusa ba.

MU JE ALLO

Mu malaman makaranta ba ma yarda da magana sai an kai ta allo. Tsakanin Abuja da Dutse ta sama bai kai kilomita 400 ba, mu ce 380. Boeing 737 yana gudun kimanin kilomita 830 a awa, ATR 72 kuwa kimanin 510. Idan aka raba, jet zai ci minti 27, mai farfela minti 45. Bambanci minti 18. Ko wannan ma an yi wa jet alfarma, domin a tafiya irin wannan kafin ya gama hawa lokacin gangarowa ya yi, bai samu ya yi cikakken gudunsa ba sai na ɗan lokaci kaɗan. Jiran izinin tashi da tafiya a kan titi da layin sauka kuwa duk ɗaya ne ga kowannensu.

To, yanzu mu dubi tafiyar ɗan Haɗejiya gaba ɗayanta. Zai bar gidansa a Abuja ya yi tafiyar kusan awa guda zuwa filin jirgi. Zai zauna jiran tashi. Idan ya sauka a Dutse, akwai tafiyar kimanin awa biyu a mota kafin ya ga ƙofar gari. Idan kuwa a Kano ya sauka, ga cunkoson birni, ga tafiyar kimanin kilomita 200 a gabansa. A cikin wannan dogon lissafi, ina minti 18 za su tsaya? Wanda ya ƙi mai farfela zuwa Dutse ya zaɓi jet zuwa Kano, ya ci ribar mintuna a sama ya yi asarar da ta fi su a ƙasa. Sauri ya haifi nawa.

Lissafi na biyu shi ne na kujeru, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Kowa a nan ya san dokar tasha: mota ba ta tashi sai ta cika. Idan fasinja goma ne a tasha, ƙaramar mota za ta ɗebe su ta kama hanya, babbar bas kuwa sai ta wuni tana jira. Jirgin sama shi ba ya jira, da lokaci yake tashi, saboda haka kujerar da ta tashi babu kowa asara ce da ba ta dawowa. Mu ɗauka a misali mutum 40 ne ke son zuwa Dutse ranar Juma'a. A jet mai kujeru 140 ba su cika ko kashi ɗaya cikin uku ba. A ATR 42 mai kujeru 48 kuwa jirgi ya kusa cika. Mai jet zai jure wata ɗaya ko biyu, sannan ya fara soke tashi, daga nan ya janye gaba ɗaya. Mai ƙaramin jirgi shi ne zai iya dawowa gobe da jibi.

Ga kuma maganar mai. Kamfanin ATR yana cewa jiragensa suna shan mai ƙasa da na jet mai irin girmansu da kusan kashi 45 cikin 100. Ko da mun rage wani abu, tunda mai kaya ba ya kushe kayansa, ratar tana da yawa. Ba mu manta ba, a watan Mayu na 2022 kamfanonin jiragen ƙasar nan sun yi barazanar dakatar da aiki saboda litar man jirgi ta tashi daga Naira 190 zuwa Naira 700. Duk lokacin da mai ya yi tsada, hanyoyin da ba su da yawan fasinja ake fara yankewa, irin namu ke nan.

TSUFA DA HAƊARI

Mun san abin da ke ƙasan zuciyar mutane da yawa tsoro ne, kuma tsoro ba abin dariya ba ne. Amma mu tuna manyan haɗurran da suka girgiza ƙasar nan. Ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano, fiye da mutum 100 suka rasu. Samfurin BAC 1-11 ne, jet. A watan Oktoba na 2005 jirgin Bellview ya faɗi a Jihar Ogun, Boeing 737 ne. A Disamba na wannan shekara jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal da 'yan makaranta da dama a ciki, DC-9 ne. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, inda muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Boeing 737 ne. Na Dana a Legas ranar 3 ga Yuni, 2012, shi ma jet ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ba muna cewa jet ya fi haɗari ba ne. Masu farfela ma sun faɗi, kamar Embraer 120 da ya faɗi a Legas a Oktoba na 2013 ɗauke da gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu. Abin da muke nunawa shi ne, siffar inji ba ita ce ke raba lafiya da haɗari ba. A haɗarin ADC, alal misali, masu bincike sun ɗora alhakin a kan shawarar tashi cikin mummunan yanayi da yadda aka tunkari iskar da ta juya wa jirgin. Gyara a kan lokaci, horon matuƙa, bin gargaɗin masu duba yanayi, da hukumar da ba ta kau da kai, waɗannan su ne ke tsare rai bayan kiyayewar Allah.

Game da tsufa kuwa, bayan haɗarin Gwammaja gwamnatin wancan lokaci ta dakatar da samfurin BAC 1-11, ta kuma ƙayyade shekara 22 ga jiragen da za a shigo da su. Sai dai masana ba da shekaru kaɗai suke auna tsufan jirgi ba. Suna ƙirga awoyin da ya yi a sama, da yawan tashi da saukar da ya yi, domin duk hawa da sauka jikin jirgi yana kumbura ya saki saboda matsin iskar da ke ciki. Akwai sassan da aka yanka musu wa'adi, da ya cika dole a cire su ko da suna ƙyalli. Akwai kuma babban duba da ake yi bayan wasu shekaru, inda ake kwance jirgin kusan gaba ɗaya. Tsohon jirgin da aka riƙe da amana ya fi sabon da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Ƙari a kan haka, farfela ba alamar tsufa ba ce. Har yau ana ƙera sababbin ATR a birnin Tulus na Faransa, kuma samfurin ATR 72-600 a 2011 ya fara aiki. Su kuwa Boeing 737 samfurin 300 da 400 da 500, waɗanda suka daɗe suna jigila a ƙasar nan, an daina ƙera su tun 2000. Sau da yawa jet ɗin da ake tinƙaho da shi ya girmi mai farfelar da ake rainawa.

ABIN DA BA ZA MU ƁOYE BA

Gaskiya ɗaya ce, mai farfela yana da nasa naƙasun. Ya fi ƙara, musamman ga wanda ya zauna daidai da farfela. Da yake ba ya hawa can sama, ya fi jin gargada, musamman da rana a lokacin bazara ko idan hadari ya haɗu da damina. Wurin kaya ba shi da yawa, mu kuwa ba ma zuwa gida hannu rabbana, ba ma komawa birni sai da buhun shinkafa da bandar kifi. Hazon hunturu kuwa ba ya zaɓe, yakan hana kowannensu sauka.

Akwai kuma inda jet ne ya dace. Daga Legas zuwa Kano ya haura kilomita 800, ga fasinja da yawa, a nan gudun jet yana da amfani. Jigilar alhazai zuwa Saudiyya ba aikin ƙaramin jirgi ba ce. Mu mutanen bakin kogi mun fi kowa sanin wannan. Kalmar jirgi ma daga ruwa ta hau tudu. Ba a shiga fadamun Guri da Kirikasamma da babban jirgin ruwa, sai kwale-kwale, ba kuma a ƙetare teku da kwale-kwale. Ko tsuntsayen jan-baki da ke cinye mana shinkafa da gero, da ƙananan jirage masu farfela ake yi musu feshi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. Kamfanin jiragen Habasha, wanda ya fi kowane girma a Afirka, da Dash 8 mai farfela yake zuwa ƙananan garuruwa irin su Lalibela da Aksum. Indiya da ta so haɗa ƙananan biranenta, ta fito da wani shiri na tallafi a 2016, kuma jirage irin su ATR 72 suna cikin waɗanda suka ɗauki aikin. A nan gida ma kamfanonin Arik da Aero sun yi amfani da Dash 8, Green Africa kuwa da ATR 72 ya fara aiki a 2021.

FILIN JIRGINMU NA DUTSE

An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, amma sai a 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido, aka buɗe filin jirgin sama na Dutse, wanda a 2023 aka sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi. Titinsa yana ɗaukar manyan jiragen alhazai, kuma alhazanmu sun sha tashi daga nan. Bayan buɗe shi, kamfanin Overland, wanda aka sani da jirage masu farfela samfurin ATR da Beechcraft, shi ne ya ɗauki hanyar Abuja zuwa Dutse. Aikin Hajji sau ɗaya ne a shekara. Abin da zai raya filin a sauran watanni shi ne ƙaramin jirgin da zai riƙa zuwa a kai a kai.

Muna da darasi a kusa da mu. A 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya bi ta Malam Madori, garin ya bunƙasa da cinikin gyaɗa. Da zirga-zirgar jirgin ƙasa ta ja baya, tasha tana nan, dogo yana nan, amma hada-hadar ta tafi. Gini ba ya raya kansa, masu shige da fice ne ke raya shi.

SHAWARWARI

1. Ga 'yan'uwa mazauna birane: duk lokacin da aka samu jirgi zuwa Dutse, mu fifita shi, ko mai farfela ne. Kowace kujera da muka cika hujja ce ga kamfanin ya ci gaba da zuwa.

2. Ga rassan ƙungiya, musamman na Abuja da Legas: a tattara sunayen masu zuwa gida da lokutan da suka fi tafiya, kamar ƙarshen mako da lokacin Sallah da ranar wannan taro. Da irin wannan ƙididdiga ake zama da kamfani a yi magana, ba da ƙorafi ba.

3. Ga gwamnatin jiha: idan za a tallafa wa wani kamfani, a tallafa wa mai jirgin da ya dace da yawan fasinjanmu, a kuma ɗaure shi da sharaɗin tsayayyun ranaku da cika lokaci. Jirgi uku a mako da ba sa saɓawa sun fi na kullum da ake sokewa.

4. Ga shugabannin direbobi da 'yan kasuwarmu: a tanadi mota mai tsari da za ta riƙa jiran saukar jirgi a Dutse ta wuce Haɗejiya kai tsaye. A kuma ci gaba da matsa wa hukuma kan gyaran hanyar, musamman wuraren da ruwa ke cinyewa da damina, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022.

5. Ga wakilanmu a majalisun tarayya: su sa ido a kan hukumar kula da sufurin jiragen sama, a tabbatar ana duba kowane jirgi yadda doka ta ce, babba ko ƙarami.

6. Ga iyaye da malamai: Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama tana nan a Zariya tun 1964. Ana koyon tuƙi da gyaran jirgi da kula da zirga-zirgar sama. Mu nuna wa yaranmu masu ƙoƙari a lissafi da kimiyya wannan hanya, ƙungiya kuma ta duba yiwuwar tallafa wa ko da ɗaya ne a shekara.

KAMMALAWA

Jama'a, idan an ce mana ga jirgi zuwa gida, tambayoyin da suka kamace mu su ne: ana kula da shi? Yana tashi a kan lokaci? Kuɗinsa zai yiwu ga ma'aikaci? Zai dawo mako mai zuwa? Idan amsoshin sun yi daɗi, to, ko farfelarsa a fili take ko cikin riga, ya biya mana buƙata. Girman kai rawanin tsiya ne, kada ya sa mu rasa ɗan abin da muka samu muna hangen wanda bai dace da mu ba tukuna. In fasinja suka yawaita, jet da kansa zai nemo mu.

Muna roƙon Allah ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Haɗejiya lafiya da nisan kwana, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya, na mota da na jirgi.